Dalmar da Na Zuba a Gurbin Kanya

Ba yunwa ce ta sa ni sata ba. Na fara da wannan ne don kada wani saurayi ya karanta labarina ya ce ai talauci ne ya tura tsohon nan. Ƙarya ne. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye tsakanin Toranke da bakin kogi, kuma ban taɓa ganin rumbunmu wayam ba kafin sabon gero ya shigo. An sa ni makarantar allo, na san halal na san haram. An yi mini aure da Hanne, mace mai haƙuri da tsafta, Allah Ya ba mu 'ya mace muka sa mata Binta. Ba abin da na rasa, sai dai wadatar zuci.

Ban da noma, na koyi liƙi. Ina yanka gwangwani in yi fitilar aci-balbal, in toshe bokitin da ya huje, in gyara butar shayi. Ranar kasuwar Ajingi nakan shimfiɗa buhu a gindin wata tsamiya, kusa da inda manyan motoci suke lodin gyaɗa. Abin da ake liƙin da shi dalma ce, ƙarfen nan mai nauyi da laushi da yake narkewa a wutar gawayi. A lokacin tsada gare ta, kuma sai an je Kano ake samunta.

Wata rana, bayan an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba, wani direba ya sauke batirin motarsa da ya mutu, ya ce in taimaka in kai masa juji. Da na ɗaga na ji nauyinsa, sai na ce a raina me ke cikin abin nan haka? Na kai shi gida, na sa guduma na fasa. Kai! Ashe cikinsa fal yake da farantan dalma, a jiƙe cikin wani ruwa mai cin fata. Na narka su a tsohon kasko, na samu dalmar da ban taɓa riƙe irinta ba. Na yi liƙi da kaɗan, sauran na zuba ƙanana-ƙanana na kai wa masuntan garinmu. Suna sa ta a bakin birgi, ragar nan da ake wurgawa a ruwa, don sai da nauyi take nutsewa. Nan take suka wawashe, suna cewa in ƙaro.

Batir na biyu ba a ba ni shi ba. Mota ce ta lalace a hanyar Gaya, aka bar ta kwana da kwanaki, na ga batir a ajiye a gefenta. Zuciyata ta ce ai matacce ne, wa zai neme shi? Na ɗora a keke. Na uku kuwa da ransa, na sani sarai, don da hannuna na kwance wayoyinsa. Daga nan ban ƙara tambayar zuciyata komai ba.

Ku ji irin lalacewar da na yi. Ranar Juma'a na zaɓa. Da an kira salla, direbobi sun bar motocinsu sun nufi masallaci, sai in zo da kekena da sifana da buhun ɓawon gyaɗa. Kafin liman ya gama huɗuba na kwance batir, na binne shi a cikin buhun, na kama hanya. Yau Gaya, wani makon Ajingi, wani makon wajen Kademi. Mutane suna can goshinsu a ƙasa, ni ina ƙarƙashin kujerar direba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Matsalata ɗaya ce, wurin fasawa. Aikin yana da wari da hayaƙi, ba ya yiwuwa a gida. A nan ne shaiɗan ya nuna mini Gurbin Kanya.

Kogin da ya biyo ta wajenmu daga Wudil, in rani ya yi yakan janye ya bar gurabu masu zurfi. Mafi girma a cikinsu shi ne Gurbin Kanya, a tsakiyar sarƙaƙiya yake. Al'adar garinmu ita ce, da ruwa ya yanke, Sarkin Ruwa zai je ya kafa sanda a bakin gurbin ya ɗaura mata kaba. Daga ranar ba mai kama kifi a ciki, ba mai wanki, ba mai shayar da dabba, kai, ba ma mai bi ta wajen, har sai kifi ya yi ƙiba, ana dab da damina, Sarkin Ruwa ya sa ranar su, wato ranar kamun kifi, gari duka a fito a kama tare. Mutanenmu suna girmama kabar nan matuƙa. Ni kuwa da na dube ta, abin da na gani kawai shi ne wata biyar cur ba wanda zai leƙo.

Can na kafa murhuna. In fasa batir, in tuttule ruwansa a gurbi. In wanke farantan a bakin ruwa, baƙar lakar da ke jikinsu ta gangara ciki. In narka dalma, in kwashe dattin da ya taso sama da tokar duka in watsa. Baƙin kwanson batirin in ƙone shi. Ruwa ya haɗiye komai, ba alama. Ran farko na ga ƙananan kifaye sun taso ciki sama, kwaɗi sun mimmiƙe a gefe. Na sa sanda na tura su cikin ciyawa, na ci gaba da aikina.

Kada in yi muku ƙarya in ce ban sani ba. Mutumin da nake kai wa dalma a Kano, wani dattijo mai rawar hannu, ya taɓa kama ni ina cin ƙosai ban wanke hannu ba. Ya buge hannuna ya ce, "Kai yaro, so kake ka mutu? Dalma guba ce. Ba ta ruɓewa, ba ta narkewa a ciki. Inda ta shiga nan take zama. Dubi hannuna." Na ji, kuma na fahimta. Abin da na yi da wannan ilimi shi ne na daina cin kifin Gurbin Kanya. Ni kaɗai. Na ce wa Hanne kifi ya fara sa mini ƙaiƙayi.

Wata al'adar kuma ita ce, ranar su, kamun farko ba na sayarwa ba ne. Manyan tarwaɗa da aka fara fitarwa na masu ciki ne da masu goyo da yaran da aka yaye, don su yi ƙarfi. Sarkin Ruwa da kansa yake rabawa. Sarkin namu a lokacin dattijo ne, abokin mahaifina, Baba Sarki muke ce masa. Da yake ni nake wadata masunta da dalma, sai ya zaɓi tarwaɗar da ta fi kowacce girma ya miƙo mini.

Ya ce, "Ungo, ɗana, kai wa 'yar jikata. Da dalmarka aka kamo ta."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Tarwaɗa kuwa a laka take kwana, laka take ci. Na san abin da ke cikin lakar nan fiye da kowa a duniya. A hanya na yi tunanin in jefar da ita, amma mutane suna gabana suna bayana. Na shiga gida na ba Hanne. Ta yi farfesu, ta zauna tana ɓare tsoka tana cire ƙaya tana sa wa Binta a baki. Ina zaune a kan tabarma ina kallo. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakina, "bari." Amma in na ce bari za ta ce don me, ni kuma ba ni da amsar da ba za ta kai ni gaban alƙali ba. Na tashi na fita.

Shekarar farko ba abin da ya faru, sai na samu ƙarfin gwiwa. Na ce tsohon can na Kano tsoratarwa ce kawai. Damina ta zo, kogi ya cika, na ce ai ya wanke komai. Ban san dalma ba ta bin ruwa ba, ƙasa take kwanciya. Rani na biyu na ƙara yawan aikin.

Sai shekarar fari ta zo. Gero ya ƙone a gona, gyaɗa ba ta yi ba, kogi bai kawo ruwan kirki ba. Gurbin ya tsuke ya koma kamar rabinsa. A shekarar, kifin nan shi ne naman gari. Bayan su, mutane suka bi laka suna tono kifin gaiwa, aka yi banda aka cika tukwane. Kowane gida romon kifi ake zuba wa yara a kan ɗan tuwon da aka samu.

Binta tana shekara uku da wani abu. Yarinya ce mai baki, ta iya sunan kowa a unguwa, in na dawo daga kasuwa ita take tare ni ta ƙwace hulata. Sai ta fara kukan ciki. Ta daina cin abinci, ta yi fari fat, ta zama mai fushi. Tana tafiya sai ta faɗi ba abin da ya taɗe ta. Ran nan da hantsi Hanne ta ƙwalla ƙara daga tsakar gida. Na tarar da yarinya ta sandare, idanu sun juye, kumfa a baki. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A unguwarmu yara da dama sun kwanta haka, mata biyu sun yi ɓari. Gari ya ɗauka iskokin ruwa ne suka fusata. Aka yi ta turare da rubutu, har wasu suka fara gunaguni cewa Baba Sarki ne ya buɗe kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba.

Muka kai ta disfensare a Gaya, malamin asibiti ya ce mu wuce Kano. A can wani likita ya duba ta da kyau, ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi, ya sa aka ɗebi jini. Washegari ya kira mu, ni da Hanne.

Ya ce, "Malam, mece ce sana'arka?"

Na ce, "Noma, ranka ya daɗe."

Hanne ta ce, "Yana ɗan liƙin bokiti ma."

Na harare ta na ce, "Wannan ai na daɗe da bari."

Likitan ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni. Ya ce, "Abin da nake gani ya yi kama da gubar dalma, amma ban tabbata ba. In akwai inda yarinyar nan take haɗuwa da ita, a abinci ko a ruwa ko a ƙurar tufafi, gaya mini yanzu. Akwai abin da za mu iya yi, amma sai da wuri, kuma sai an raba ta da inda abin yake fitowa."

Wallahi bakina ya buɗe. Saura kaɗan in faɗi gaskiya. Sai na hango ɗan sanda a tsaye a bakin ƙofar asibiti, ba ma ni yake kallo ba, goro yake ci. Na ce, "Babu, likita. Mu mutanen ƙauye ina muka ga dalma?"

A wannan rana na sayar da 'yata. Satar batir duk wasa ce a kan wannan.

Aka ba ta magani, sandarewar ta lafa, aka sallame mu. Da muka koma gida na faki idon Hanne na kwashe bandar da ke tukunya na binne a bayan gari, na ce kuliyoyi ne. Ina ganin na yi dabara. Amma 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma a shekarar fari me mutum zai riƙo wa marar lafiya in ba ɗan kifi ba? Hanne ta karɓa ta yi godiya, ta dafa, ta ɗura mata romo don ta yi ƙarfi.

Kuna tsammani na daina sata? Ban daina ba. Na daina zuwa gurbi dai na ɗan lokaci, amma hannu ya riga ya saba. Wata Juma'a a Gaya na hau wata mota na fara kwance batir. Ashe direban bai je masallaci ba, zazzaɓi ne ya kwantar da shi a inuwar ƙarƙashin motar. Ina sauko da ƙafata sai na ji an damƙe ta. Ya yi ta kururuwa, daidai an sallame salla. Dukan da na sha ran nan, ba don 'yan sanda ba da ban kai yamma ba.

Gaban alƙali na amsa laifin sata, don ba yadda zan yi. Da ya tambaye ni inda nake fasa batiran, na ce a daji, nan da can. Aka yanke mini shekara uku. Na shiga gidan yari da sirrina a ciki, garinmu kuma ya sake yin su a Gurbin Kanya, aka sake raba kamun farko ga masu ciki da yara.

Wahalar kurkuku ba sai na faɗa ba, kwarkwata, gabza, aikin ƙarfi a rana, da gandiroban da ba ya kiran sunanka sai lamba. Duk wannan bai dame ni ba kamar zuwan Hanne. Sau ɗaya ta zo, bayan na shekara ɗaya da rabi. Ta rame ta yi baƙi. Na ce ina Binta?

Ta ce, "Tana nan da rai. Amma ta daina magana. Ko sunana ba ta kira. Ɗan gidan Malam Audu maƙwabcinmu ya rasu, irin ciwonta. An sauke Baba Sarki, an ce shi ya jawo mana." Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Malam, ni ban san laifin da muka yi wa ruwan nan ba."

A nan na karye. Na riƙe ƙarfen tagar na gaya mata komai, murhun, ruwan batir, lakar, kifayen da suka taso, maganar tsohon Kano, ƙaryar da na yi wa likita. Ina magana ina kuka kamar mace. Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallona har na gama. Sannan ta ce, a hankali, "Shi ya sa ba ka cin kifin."

Ta juya ta tafi. Daga tasha ba ta shiga gida ba, gidan Baba Sarki ta wuce. Shi ya kai maganar gaban dagaci, aka aiko ma'aikata daga Kano suka ɗebi ruwa da laka da kifi a kwalabe. Amsar da ta dawo ita ce kada a ƙara ci, kada a ƙara sha. Abin da na kasa yi shekara huɗu, mace ta yi shi a yini ɗaya.

Da aka sake ni na yi niyyar in ɓace, in tafi inda ba a san ni ba. Wani malami da yake zuwa yi mana wa'azi a gidan yari ne ya hana ni. Ya ce, "Laifin da ke tsakaninka da Allah, in ka tuba Yana yafewa. Amma haƙƙin mutane sai masu shi sun yafe da bakinsu. Koma ka nema."

Na koma. Na bi gida gida ina durƙusawa. Baba Sarki ya tsufa ƙwarai, idonsa ya fara mutuwa. Ya ce, "Sarautar da aka ƙwace ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, da hannuna na riƙa miƙa wa jikokina guba ina sa musu albarka. Je ka, na yafe nawa." Malam Audu da farko ya ce ya bar ni da Allah, daga baya ya aiko cewa ya yafe. Matarsa kuwa har ta mutu in ta hango ni sai ta canja hanya, kuma ban ga laifinta ba. Hanne ta zauna a gidana. Ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa ba don ni ta zauna ba, don Binta ne. Sai da tana ciwon ajali ta ce ta yafe mini.

Na koma gona, ban ƙara taɓa dalma ba. Gurbin Kanya kuwa har yau ba a ci daga cikinsa. Gari guda ya rasa abincin da ya gada tun kakanni saboda ni.

To, 'yan samari, ga abin da zan gaya muku. Kada ku raina ƙaramin abin da ba naku ba, don ni da mataccen batir na fara. Ku da kuke aikin batir, da rini, da jima, da gyaran inji, kada ku ce ruwa zai tafi da dattinku. Ba ya tafiya. Yana nan a laka, kifi zai ci, yaro zai ci kifin, kuma ba ku kuke zaɓar yaron ba. In kuma har kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa da wuri, tun faɗar tana da amfani. Kurkukun da na guje wa da ƙarya sai da na shige shi, shekara uku kacal, na fito. Da na faɗi gaskiya a gaban likitan nan, da wataƙila iyakar abin da zan biya ke nan.

Binta tana nan tare da ni. Ta yi furfura yanzu, amma hankalinta na 'yar shekara uku ne. Ni nake dama mata kunu, ni nake raka ta inuwa ta zauna. Kowa da na zalunta ya ba ni amsa, mai daɗi ko marar daɗi, saura ita, kuma haƙƙinta ya fi na kowa. Na sha durƙusawa a gabanta in ce, "Binta, ni na yi miki wannan, ki yafe mini." Sai ta yi dariya ta tafa hannu, ta zaci wasa nake mata. Na tsufa, kabari ya matso, kuma haka zan tafi ban ji amsarta ba.